Zanen Wule da Wutar Masallaci

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, har da sunayen wasu da suka koya a hannuna, amma ban da ranar da Baffa Ja'e ya shigo shagonmu a Tudun Wada yana so a buga masa saniya. Ku da kuka tarar kwamfuta tana shiga aljihu, ku matso ku ji yadda muka sha da kakarta.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, da kaka. Shagon na Alhaji Mamuda ne, a bakin titi, jikin masallacin tasha. Da can tafireta ce a ciki, ana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki. Sai Alhaji ya shiga Kano ya dawo da kwamfuta da firinta. Ni kuwa tun a aji uku na sakandare muka sallami juna da boko, ba faɗa ba zagi. Amma da yake ba na tsoron taɓa abin da ban sani ba, ni aka tura Kano na yi 'yan makonni, na dawo da muƙamin opareta. Tsarin shagon mai sauƙi ne: Alhaji a sama, ni a ƙasa, kwamfuta a saman mu duka.

Ga wanda bai sani ba, akwatin nan da gilashin gangar jiki ne kawai. Akwai wani tsari a ciki, shi ne mai gida, sai da izininsa komai ke buɗewa. To namu mai gidan, wallahi ko hakimi bai kai shi jan aji ba. Ka kunna, ka je ka sha koko, ka gaisa da mai shayi, ka dawo, sannan kwamfutar ta yi maka ɗan kiɗanta na na-farka. Ka ce ta goge abu, sai ta tambaye ka wai ka tabbata. Ka ce ka tabbata, sai ta kai shi wani kwandon shara ta ɓoye. Ka bi shi kwandon, ta kuma tambayarka. Amma ranar da ta ga damar cinye maka aikin yini guda, ba ta shawara da kowa.

Ga kuma tarkacen da ta taho da su ba wanda ya aike ta. Akwai wani wasan nakiyoyi da har yau ban ga wanda ya gane shi ba. Akwai karta. Ita ce ma ta so ta ci aikina, don wata rana Alhaji ya shigo da baƙi ya tarar da ita baje a gilashi.

"Sabo, caca ka kawo mini jikin masallaci?"

"Alhaji, da abarta ta zo. Ni ma ina yi mata wa'azi ne ka shigo."

Bai yi dariya ba. Ya ce duk ranar da injiniya ya zo daga Kano a kwashe tarkacen nan kaf, a bar abin rubutu kawai. Ni kaina akwai wanda na matsu a cire, wato abin zane. Ana zanen ne da maus, mu ɓera muke ce masa, kuma zane da ɓera kamar ka riƙe sabulu ne ka ce za ka sa hannu a takarda.

Saura magana ɗaya ku gane. Wutar gari sai ta ga dama take leƙo mu, don haka da ƙaramin janareta muke aiki, kuma ba ya ɗaukar kwamfuta da lasifikar masallaci lokaci guda. Dokar Alhaji ita ce, in lokacin sallah ya yi wuta ta masallaci ce. Ladan, Malam Idi, ba ya ma shigowa. Ta taga yake miƙo hannu ya zare filoginmu ya soka nasa. Ita kuwa kwamfuta ba abin da ta tsana kamar a kashe ta ba sallama. Duk abin da ba ka yi wa sebin ba, wato ba ka adana ba, ya tafi kenan. In an dawo da wuta kuma sai ta shuɗe fuska ta tsaya tana ƙirga gaɓoɓinta, tana yi maka gori.

Ranar da nake ba ku labari, an idar da Azahar kenan sai ga wani dattijon Bafulatani, dogo, da sanda da malafa, ƙafafunsa duk ƙaiƙayin ciyawa.

"Salamu alaikum. Nan ne ake buga cigiya?"

Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, don haka ina da lasisin taɓa kowane Bafulatani. Na ce, "Nan ne, bawana. Me ya ɓata, hanyar gida?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe bawan gidanmu aka ɗauka aiki. Tashi ka ba ubangidanka kujera."

Na ba shi. Da ya zauna sai na ga wasan iyakarsa baki, idonsa bai yi barci ba. Sunansa Baffa Ja'e, rugarsu tana can wajen hanyar Doguwa. Saniya ce ta ɓata, Wule, wadda ya ba jikarsa tun ranar sunanta. Ta bar ɗan maraƙi, ya ƙi karɓar nonon kowace saniya, har ya fara kwanciya. Baffa ya bi sawunta har inda ya hau kwalta ya ɓace, kuma ya san ma'anar hakan: an sa ta a mota. Motocin shanu masu yin kudu kuwa a tasharmu suke tsayawa. In ta wuce nan, ta wuce. Yana so a liƙa takarda a tasha, amma ba rubutu kaɗai ba, don ba duk direbobi da 'yan kamasho ke karatu ba.

Na ce, "To kawo hotonta."

"Wa ke kai saniya gidan hoto?" Ya dafa ƙirjinsa. "Tana nan. Kai dai ka zana."

Haka na buɗe abin zanen nan da na tsana. Na farko da na yi, Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ko a Borno ba saniya ba ce. Tebur ne da ƙaho." Na goge. Na biyu ya fi kama da kare. Sai ya jawo kujera, ya ɗora tafin hannunsa a kan nawa, ni ina danna ɓera shi yana tuƙi. Hannun kamar itace, amma ko rawa ba ya yi. Ya ja gadon baya, ya ta da tozo, ya sauko da ƙahon hagu ƙasa don haka nata ya lanƙwashe. Ya sa na yi tsaga biyu a kunnen dama. Farin goshi, ya ce, ya zubo ne ta gefe ɗaya har bakin hanci, da farar ƙafar gaba guda. Yana yi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Kafin mu ankara taga ta cika da masu acaɓa da 'yan kamasho, har da sarkin tasha kansa.

Saura launi, don jikinta baƙi ne. Akwai wani ɗan bokiti a abin zanen, ka ɗebo launi ka zuba a cikin abin da ka zana. Na zuba. Gaba ɗaya gilashin ya yi baƙi ƙirin, ba saniya ba ƙasa ba sama. Taga ta ɗauki salati. Na janye kuskuren da sauri, na kuma zubawa, ta kuma yi mini dare da rana tsaka. Na fara zagin wanda ya ƙera ta.

Baffa ya ce, "Bar zaginsa. Shingenka ne da kafa. Ko'ina ka bar kafa, garke zai fita."

Na kumbura hoton, muka bi layin kamar masu zagayen gona. Ai kuwa ga ta a ƙarƙashin wutsiya, 'yar kafa kamar ƙwayar gero. Na toshe, na zuba, baƙin ya tsaya cak a jikin saniya. Mutanen taga suka ƙara matsowa. Wallahi ba zane nake gani ba, saniya ce tsaye tana jiran a kira ta.

Na danna sebin. Sai ga 'yar kwalbar yashin nan da take nunawa in tana so ka jira. Na jira. Na motsa ɓera, shiru. Na roƙe ta, na yi mata kirari, kwalba tana nan. Ina cikin haka sai ga hannun Malam Idi ta taga. La'asar ta yi.

"Malam, don girman Allah ɗan dakata. In ka zare, saniyar ta tafi."

"Sabo, ni lokaci nake bi, ba injinku ba."

Gaskiyarsa ce, kuma ba wanda ya isa ya ce a jinkirta kiran sallah saboda kwalbar yashi. Ni dai na san ko an ba ni wata guda ba zan iya maimaita zanen nan ba. Sai Baffa ya miƙe ya jingine sandarsa.

"Malam, a bar mata wutar. In ka yi mini izini, ni zan kira."

"Ba lasifika? Tasha ce fa, ga ƙarar motoci."

"A ruga ma ba mu da ita."

Malam Idi ya janye hannunsa. Baffa ya yi alwala, ya hau dakalin masallaci, ya toshe kunnuwansa.

Na ji ladanai da yawa a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba. Ba ihu yake ba, ba ya ma ta da jijiyar wuya. Muryar ce kawai ta tashi siririya, ta miƙe, ta ƙi ƙarewa, irin ta mutumin da ya saba kiran abin da ke bayan tsauni. Ta haye ƙarar janareta kamar babu shi. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Ni da bakina ba ya rufuwa, sai ga ni na saki ɓera ina saurare. Daga baya matan bayan kasuwa suka riƙa tambaya wai sabuwar lasifika aka sayo.

Yana tsakiyar kira, sai wata saniya ta amsa daga cikin wata tirelar shanu da ke tsaye a tsallaken titi. Ta yi kuka, ta kuma yi, har tana dukan jikin mota. Baffa bai ko juya ba sai da ya kai ƙarshe. Ya sauko, ya leƙo ta taga, ya ce da ni a hankali, "Tana cikin waccan motar."

"To ka tsaya nan? Mu je mana."

"Ga direban can yana alwala. A yi sallah tukuna."

Na waiwaya, kwalbar yashi ta tafi, kamar ita ma jira take a gama. Na tura wa firinta, na ruga sahu. Muna raka'ar farko ina jin firintar tana kukanta ta bango.

Da aka sallame, sarkin tasha ya tsayar da mai shanun, wani ɗan kasuwa mai mutunci. Ya rantse sayen ta ya yi a hannun wani, kuma kukan saniya ba shaida ba ne. Sarkin tasha ya karɓi takardar daga hannuna, ya ce, "Wannan a gabanmu aka zana ta, kafin kowa ya leƙa motarka." Ya ba wani ɗan kamasho ya hau da ita. Muna ƙasa yana faɗo mana: ƙahon hagu ya yi ƙasa, farin goshi ta gefe ɗaya, farar ƙafa guda, tsaga biyu a kunnen dama. Ɗan kasuwar ya hau da kansa, ya dubi takarda, ya dubi saniya, ya sauko ya ce a sauke ta, shi zai nemi wanda ya sayar masa. Da Wule ta taka ƙasa, nono na ɗiga daga hantsarta. Ta nufi Baffa ta cusa kai a hammatarsa. Bai tsaya dogon godiya ba, maraƙi na jira.

Da injiniya ya zo, ya cire karta da nakiyoyi. Ya kai hannu kan abin zane, Alhaji ya ce, "Wannan ka bar shi."

Abin da na koya, na farko, ku riƙa yin sebin tun kafin ladan ya miƙo hannu. Na biyu, injin nan bai san kome ba sai abin da mutum ya shigo da shi a ƙirjinsa. Da nakan auna mai shigowa shago da takalminsa. Tun ranar na daina, don ban san me ya ɗauko ba.

Bayan 'yan kwanaki Baffa ya dawo da ƙwaryar kindirmo, ya ce maraƙi ya miƙe. Na miƙa hannu, ya kauce, ya dire ta a gaban kwamfuta.

"Nata ne," in ji shi. "Kai bawa, in ta rage ka sha."

Na ba ta lokaci, kamar yadda ta saba ba ni. Ba ta ce komai ba, na shanye.