Ranar da Aka Tuɓe Mai Koriyar Alkyabba

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Juma'a ne, a zauren wani ɗan kwangila a Shagari. Akwai ni, akwai kawuna, akwai mai gidan, sai maƙwabta da suka cika tabarmi. Ko tsufa ya ci ni ya kwashe sauran abubuwa, wannan yammacin dai yana nan. Amma bari in ɗauko daga farko, domin ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Ni tela ne a Bodinga. Lokacin farar hula na taɓa shiga Sakkwato sayen zare, wani aboki ya ja ni silima. A nan na ga fim ɗin wani Bature mai koriyar alkyabba, wanda in ya yafa ta sai ya tashi sama kamar shirwa, ya tare jirgin ƙasa da ƙirji. Na dawo gida da labarin a baki. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji shi daki-daki, kuma in mutum ya katse ni, daga farko nake sakewa.

Labarin ya kai Shagari, kunnen kawuna, mai sana'ar shanu, wanda nake neman 'yarsa. Ya aiko a gaya mini ba zai ba da ɗiya ga mai cewa ya ga mutum yana tashi ba. Mutane suka ɗauka wasa ne. Ni na san shi, da wasa yake yanke magana, kuma ba ya janyewa.

Ana haka ostariti ta shigo, wato tsuke bakin aljihun gwamnati, sabulu da madara suka yi wuyar gani. Sai na ji ɗan kwangilar nan, da ya sayi bidiyo lokacin da abubuwa ke tafiya, ya samo kaset ɗin kashi na biyu. Na shiga mota zuwa Shagari, na durƙusa gaban kawu, na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Na ce na biyu ma ya fi na farko. Ban gan shi ba, amma na faɗa, har da rantsuwa.

Aka tayar da janareta, mai gida yana gargaɗi cewa man kaɗan ne. Fim ya fara. Abu na farko, an canja mutumin: wani siriri suka kawo, mai kama da akawun asibiti. Abu na biyu, babu alkyabba. Da kwat ya fito. Ya hau bene da ƙafa, ya sauko da ƙafa, ya tsaya jiran motar haya. Ya zauna da wata mata suna ta Turanci, ita tana kuka shi yana duban taga. Duk sanda ya nufi tagar sai in gyara zama in ce yanzu ne, sai ya ja labule ya dawo. Wani dattijo ya tambaya ko ostariti ce ta kai har can, suka sayar da alkyabbar. Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuwa haushin mutumin fim ɗin nan ya fi ƙarfin kunyata. Shekara biyu ina yabonsa.

Can dai ya buɗe wani akwati, gefen koren yadi ya leƙo. Na miƙe tsaye. Janareta ya yi tari, ya mutu.

Muka fito, na bi kawu zuwa masallaci kaina a ƙasa. Sai da ya gama alwala ya dube ni.

"Kai tela, wancan na hwarko, da alkyabba yat tashi?"

"Da ita, Kawu."

"Wanga kau babu?"

"Babu."

"To mi kaka so shi yi? An tuɓe shi. Ka taɓa ganin wanda an ka tuɓe bisa doki? Ƙasa shika tahiya, awa kowa."

Ya ce shi tausayin bawan Allah ma ya ji, domin ya san wani hakimi da aka karɓe wa alkyabba, haka shi ma ya rame ya koma duban taga. Ya ce labarina ya tsaya da ƙafarsa, kuma maƙaryaci ba ya jin haushi irin wanda ya gani a fuskata. Ya ce in turo manya neman auren bayan girbin gero.

Na san ba sarauta ba ce, na buɗe baki zan gyara masa, kamar yadda na saba gyara wa kowa. Na rufe shi. Yau jikokinmu sun cika gida, ita kuma matar tawa, 'yar kawu, in ta ga na ɓata rai har yanzu tambayata take ko an tuɓe ni ne.

Tun ranar ban sake yi wa abin da ban gani ba rantsuwa, ko da ɗan'uwan wanda na sani ne. Kaset ɗin kuwa an mayar wa mai shi washegari, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Saboda haka ina roƙonka, mai karatu: in ka kalli fim ɗin nan har ƙarshe, ka biyo ta Bodinga ka gaya mini ko ya yafa alkyabbar ya tashi. Sai dai ka faro mini daga farko.