Turken Siminti a Gindin Rumbunmu

Shekarun baya, lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, da ƙarfe goma na safiyar wata Laraba masu awo suka iso ƙauyenmu, kusa da Maradun. Suka kafa turken siminti ƙasa kaɗan da rumbun mahaifina. Ina hutun makaranta, kuma ni kaɗai ce 'yar boko a gidan, sai aka turo ni tafinta, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Babbansu ya dafa turken, ya ce nan ruwa zai tsaya, ya ƙara da wata kalmar Turanci, immovable.

"Mi yac ce, ɗiyata?" in ji Baba.

Ban amsa ba sai da na shiga ɗaki na buɗe ƙamus. Ma'anarta abin da ya kafu daram, ba mai iya gusar da shi. Ana faɗinta ga dutse, ga gini, har ga mutumin da ba ya sauya magana. Na fassara wa Baba duka, har da gyaran murya kamar wata malama.

Maƙwabta suka kwashe hatsinsu zuwa tudu. Baba ya ce shi kam ɗiyarsa ta gani a littafi, ya bar geronmu inda yake.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya haye turken, ya jiƙa gindin rumbu, rumbu ya zube. Geron da za mu ci har kaka ya yi tsiro cikin taɓo. Inna ta koma yi mana kwaɗon tafasa.

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Fassarata daidai take. Mutumin nan ne ya ɗauki kalma mai nauyi ya jefa wa manomi don a bar shi ya wuce. Tun lokacin, mai magana nake fara dubawa kafin ƙamus.

Na dai bi Baba har Talata Mafara, muka sami babban masu awon a ofis. Na tuna masa abin da ya faɗa. Ko kai bai ɗago ba.

"'Yan mata, turken ai bai motsa ba. Ku nemi kwalekwale ku je ku duba."