Zanen Inna a Shafi na Arba'in da Ɗaya

Yayana mai fenti ne, kuma kada wanda ya ce mini "mai fenti kawai". Shekara talatin da biyar ya yi yana rubuta allunan shaguna a wani ɗan ɗaki mai warin kananzir, tsakanin mai walda da mai gyaran rediyo. Duk wanda ya koyi Turanci da koren littafin nan mai hotuna, wanda tsohon hedimastanmu ya wallafa, da hannun Yaya ya koya. Zane ɗari biyu da goma sha huɗu ne a ciki, shi ya yi su duka. Ku buɗe ku duba. An gode wa mai tafireta, an gode wa matar hedimasta saboda haƙurinta, amma sunan Yaya ko a bangon baya babu.

Kowace Asabar da safe hedimasta kan zo da jimlolinsa a takarda, ya karanta, ya fassara wa Yaya, don shi daga aji huɗu ya bar makaranta saboda ni in ci gaba. Yaya yana da matsala ɗaya: ba ya iya zana fuskar da bai gani da idonsa ba. Shi ya sa gidanmu kaf ya shiga littafin. Baffa ne dogon mutumin da ke shafin gwada tsawo. Mai walda ne ke hawa tsani. Ni ce yarinyar da ta makara tana gudu da takalmi a hannu, kuma har yau ban yafe masa ba. A shafi na arba'in da ɗaya akwai mace zaune a bakin ƙofa tana zura zare a allura. Innarmu ce.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ta kan ce, "Don ku rataye ni a bango ƙuda ya yi ta sauka a hancina?" Sai da Yaya ya laɓe a ƙofar kicin ya zana ta ba ta sani ba. Shekara biyu bayan haka ta rasu. Ban da wannan zanen, ba mu da komai nata mai fuska.

Bara likita ya ce idon Yaya na hagu ya tafi, na dama ma wata kaɗan ya rage masa. Wata safiya na tarar da shi ya manna littafin a hancinsa. Zanen da aka buga bai fi kwalin ashana ba, alhali na asalin a kan babban farin kati ya yi shi, girman tire.

Ya ce, "Auta, ba na ganinta. Da zan samu babban in kalla sau ɗaya, kafin fitilar ta mutu."

Na ɗauki mayafina na nufi gidan hedimasta.

Na samu hedimasta a kujerarsa ta baranda, ya tsufa tukuf amma bakin na nan. Ya ce, "A'a, 'yar makara! Yau ma da gudu?"

Na ce, "Malam, ba wasa ya kawo ni ba. Katunan Yaya nake nema."

"Wai, shekara nawa ke nan! Ai suna wurin mai ɗab'i. Kuma 'yata, littafi jimla ce. Zane ado ne kawai."

Na ce, "To Malam, a cire adon mu ga ɗan wa zai buɗe shi." Ya ce ban canza hali ba. Na ce shi ma haka.

Mai ɗab'in ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da wurin, wani magidanci mai tabarau da ba ya ɗaga kai daga kwamfuta. Ya ce, "Baba, tsofaffin katuna kuma? Mun ɗauke komai a na'ura. In buga miki shafin, minti biyu."

Na ce, "Ɗana, in ƙaramin nake so, muna da shi a gida. Nuna mini sito."

Don ya rabu da ni ya ba ni makulli. Na shiga na ga abin da har yanzu ban manta ba. Katunan Yaya ne aka shimfiɗa a kan kantoci, aka jera gwangwanayen tawada a kansu don kada katako ya ɓaci. Katako! Na ɗaure mayafi a ƙugu na shiga ɗaga gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Na ga Baffa, baƙar tawada ta raba shi biyu. Na ga kaina da takalmina. A kan kanta ta ƙasa, can lungu, na ga allura.

Gwangwanin da aka ɗora mata ya daɗe yana yoyo. Daga ɗankwali zuwa haɓa tawada ta shanye, baƙi ƙirin. Hannuwan kawai suka tsira, da zaren, da ƙaramin yatsanta na dama da ya lanƙwashe tun wata faɗuwa da ta yi muna yara. Na fito da katin na ajiye a kan kwamfutar mai tabarau na ce, "Uwar wani ce wannan." Har titi ya biyo ni yana ba da haƙuri, ban waiwaya ba.

A hanya na yi tunanin in ce wa Yaya ban samu ba. Amma ni ban iya ƙarya ba. Na tarar da shi a bakin shagonsa inda haske ya fi yawa, na miƙa masa na ce, "Sun ɓata ta."

Ya daɗe yana yawo da katin a gaban idonsa na dama. Ya shafa baƙin wurin, sannan ya sauka kan hannuwan, ya tsaya a kan yatsan.

Ya ce, "Ga shi kuwa. Ashe ban manta da shi ba."

Na fara faɗa, ina ambaton hedimasta da mai ɗab'i da duk wanda ya ci moriyarsa ya watsar. Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya laluba bayan ƙofa ya jawo sabon kati da fensir.

"Auta, shekarunki nawa yanzu?"

"Hamsin da uku. Me ya kawo wannan?"

"Shekarun Inna ke nan ranar da na zana ta. Zauna a bakin ƙofa, ki juyo gefe."

Na ce, "Yaya, ni ba ni da haƙurinta."

Ya ce, "Ba haƙuri zan zana ba, hanci ne, kuma naku iri ɗaya ne. Ita ma ba ta da haƙurin, kin manta ne. Daina ɗaure fuska."

Mai gyaran rediyo ya kawo mana allura da zare. Na zauna. Yaya ya matso da kujerarsa har ina jin numfashinsa, ya kafa mini idon da ya rage, ya ɗora fensir a kan katin.