Jirgin da aka zana a bangon zaurenmu

Shekarun baya, ina aji biyar a firamare, Allah ya nufi mahaifina da zuwa aikin Hajji. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal, kuma da noman tumatir muke ci muke sha. Kowa ya yi murna ban da kakata. Mijinta ya tafi Makka da ƙafa ta Sudan tun tana goyon Baba, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Baba ya yi ta lallashinta. "Inna, wancan zamanin ya wuce. Yanzu daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne a jirgi. In na tashi da hantsi, kafin la'asar na sauka." Ya juyo gare ni. "Ke 'yar boko, gaya mata."

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai na sunkuyar da kai na ce malaminmu ya nuna mana a taswira, tsakanin garuruwan biyu bai kai taƙi ɗaya ba. Har da ware yatsu na yi, wai ni mai ilimi. Inna ta dubi ɗan hannuna kawai.

Ya tafi da alkawarin zai dawo kafin a zuba irin tumatir.

Da dawowar alhazai ta matso, aka yi yadda aka saba a garinmu. Aka shafe zaure da farar ƙasa, aka kira mai zane ya zana jirgin sama a bango. Jirgin ya fi kama da tarwaɗa mai fukafuki, amma kullum in na dawo daga makaranta sai na tsaya ina zaɓar tagar da Baba zai zauna kusa da ita.

Ranar da motar alhazai ta tsaya a bakin kanal, abokin Baba da suka tafi tare ya sauko. Mata suna ta guɗa. Ni hannuwansa nake kallo: jakar alhazai biyu iri ɗaya, jarkar zamzam biyu, da butar Baba mai ɗaurin roba a mariƙi. Motar ta ja ta tafi, ba wanda ya ƙara saukowa.

Ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure, daidai ƙarƙashin jirgin. "Inna, sai haƙuri. Zafin rana ne ya kayar da shi a Mina. An yi masa sallah, an rufe shi a can."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kun ce mini awa biyar ne. Jakarsa ta samu wuri a jirgin, shi ne bai samu ba?"

"Ba a dawo da waɗanda suka rasu a can, Inna. Ai ya dace."

"Ubansa ma haka aka ce mini, ya dace."

Kawuna ne ya zuba irin tumatir a shekarar. Jirgin kuwa ba wanda ya iya goge shi, sai da damina ta yi ta wanke shi kaɗan-kaɗan.

Daga baya ni ma na yi tafiyar, ina duba agogo tun daga tashi har sauka. Baba bai yi ƙarya ba, malaminmu ma haka. Amma har yau in na ji an ce wuri kusa ne tunda akwai jirgi, ba na tankawa. Inna ta rasu tana cewa Makka nisanta ɗaya, da ƙafa ko a sama, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa iya yi mata musu.