Sauƙin Alhajin Ainu Shams

Ni dai Allah ya yi ni da baki. In na ga kyankyaso a banɗaki, kafin in iso falo ya zama kada. Shi ya sa da masu ciwon MS suka kafa 'yar ƙungiyarsu a unguwar Mohandessin ta Alƙahira, ba a yi dogon shawara ba aka ce ni ne kakakin 'yan ƙasarmu.

Ba ni ne mai ciwon ba, ƙanina ne, wanda karatu ya kawo shi Alƙahira yake zaune a wurina. Ciwo ne mai cin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa: yau ƙafa ta ƙi motsi, gobe ido ya yi dishi-dishi, jibi kamar ba a yi ba. Likitansa ya ɗora shi kan allura. Ana haka sai ga labarin wani aiki, wai a zura siririn bututu a buɗe jijiyar jini ta wuya, mutum ya miƙe. Likitocin jijiya suka ce ba su ga hujja ba, ba za su tura kowa ba. Mu kuma muka ce jiki na mai shi ne, a bar mutane su gwada.

Babbar hujjarmu wani Alhaji ne ɗan Damagaram, ɗan kasuwa a unguwar Ainu Shams, da aka yi wa aikin a wata ƙasa. Ban taɓa ganinsa ba, a waya muke gaisawa. In na ce, "Alhaji, ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi sosai, alhamdulillah." Wannan sauƙin na ɗauka na yi ta yi masa kiwo. A taron farko Alhaji ya ajiye sanda. A na gaba yana hawa bene da gudu. Da na ce masu ƙwallo sun fara zawarcinsa, wata Bamisiriya a keken marasa lafiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Yalla, maza kawo mana shi!"

Da shugaban sashen jijiya na asibitin da ake duba ƙanina ya yarda zai saurare mu, na ce ai shi ke nan, Alhaji zai shigo da ƙafarsa, a rubuta wa ƙanina aikin a take. Bayan azahar muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ni da ƙanina, da ledar mangwaro a hannuna, muka je gayyato shi.

Hajiyarsa ce ta buɗe mana. Alhaji yana kwance, an tokare shi da filo ta ko'ina, ruwa ma da cokali ake ba shi. Bakina ya riga ni, na ce, "Alhaji, ya jiki?"

"Da sauƙi sosai, alhamdulillah."

Ledar ta suɓuce, mangwaro ya bazu ƙarƙashin gado. Ni da ko likitan haƙori bai taɓa iya sa ni shiru ba, ranar na nemi harshena na rasa. Da ƙyar na ce, "Alhaji, wannan ne sauƙin?"

"To ɗan'uwa, me kake so in ce? In kawo ƙarar Ubangijina wurinka a waya? Gaisuwa ka yi, na amsa. Ba ka taɓa tambayata ba."

Ƙanina ya jingine sandarsa, ya zauna bakin gadon. "Baba Alhaji, ni tambaya nake. Bayan aikin me ya faru?"

Alhaji ya ce da farko ya ji jikinsa sakayau, har masallaci ya je da ƙafarsa, daga baya abin ya dawo ya zarce inda yake. "Ban sani ba ko aikin ne ya ɗaga ni, ko murna. Ban kuma ce wani ba zai dace ba. Abin da nake cizon yatsa a kai, allurata da na bari."

Muka koma tasha ni da ƙanina. Muna jiran jirgi ya ce, "Yaya, tambaye ni jiki."

"Ya jiki?"

"Babu sauƙi."

Ban taɓa jin Bahaushe ya faɗi haka ba. Ya ce idonsa na hagu ya yi duhu tun kafin ƙaramar Sallah. Allurar kuwa ya bar ta tun ranar da ya ji Alhaji na hawa bene da gudu, tana nan a firji ya tura ta bayan robar yogot. A kwano ɗaya muke cin abinci da yaron nan, kullum safe ina gaishe shi da jiki! Jirgi ya zo ya wuce muna zaune.

Taron shugaban sashe na je, na kuma ce har gobe muna so a riƙa sauraron masu ciwo, amma na ba da labarin Alhaji yadda na gan shi, da filo da cokali. Bamisiriyar nan ba ta yi dariya ba.

Kafin taron ma, washegarin zuwanmu Ainu Shams, na tasa ƙanina gaba sai wurin likitansa, da allurar a leda. Likita ya dube shi ya ce, "Yaya muke yau?" Na ga bakin yaron ya fara haɗa alhamdulillah. Na taka masa ƙafa, wadda take ji, na ce, "Kai, wannan tambaya ce." Ya haɗiye, ya nuna idon hagu, ya fara daga farko.