Illo Ma'auni da Buhun Ɗalibai

Duk ranar kasuwa, ko a nan Magariya, ko Dantchiao, wani lokaci har Mallawa in ya dace da mota, Malam Illo yakan riga masu hatsi isowa. Ya share wurinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya kife tiyarsa, kwanon awo, ya zauna jiran amalanke na farko. Awo ne sana'arsa. Mai saye ya yarda da shi, mai sayarwa ya yarda da shi, wanda a kasuwar hatsi ba ƙaramin abu ba ne. Ni nan ko sukarin shayi maiɗakina ba ta bari in auna. Haka zai wuni yana cika tiya yana juyewa. Da la'asar, in kasuwa ta fara watsewa, sauran ma'auna su nufi teburin mai shayi, shi kuwa ya jawo wani buhu dabam daga ƙarƙashin tabarma, ya saɓa, ya shiga gari gida-gida. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan, daga farkon kaka har sanyi ya yi nisa. Bana bayansa ya ce ya isa, idonsa ma ya goyi bayan bayan. Shi ya sa na ɗauki bik don in rubuta wannan.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani gida a Damagaram da ƙungiyarmu ta ƴaƴan Magariya da Dungas ta kama haya, sashen maza dabam, na mata dabam, inda yaranmu da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, suka shiga jami'a suke zama. Ba kowa ke samun bursu, kuɗin tallafin karatu, ba, kuma ɗan manomi in ya je birni, cikinsa na tafiya tare da shi. Tuwon gidan nan daga buhun Illo yake fitowa. Wake da gyaɗar da aka samu kuma a sayar, a biya wa marasa bursu kuɗin rajista, abin da ya rage a cika akwatin magani da ke ɗakin mai dafa musu abinci. Ni ne sakataren ƙungiyar. Na samu muƙamin ne saboda a taron farko ni kaɗai na zo da bik mai rubutu.

Yadda Illo ke karɓar kyauta shi ne abin da nake so a sani. Bai taɓa fita da buhu wayam ba. Kafin ya bar gida sai ya zuba tiya guda ta kansa a ciki, don kada mai bayarwa na farko ya leƙa ya ga gindin buhu, ya ji abin hannunsa ya yi kaɗan. In ya isa gida, ya yi sallama, ya jingine buhun a zaure, ya fito waje wurin maigida. Nan zai kafa gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da tsutsa a wake, akuyar nan ta haihu kuwa. Gaisuwar Illo tana iya kai mutum magariba. Duk wannan don a ba matan gida lokaci su fito su zuba abin da suka ga dama, ba mai kallo. Hatsi, wake, gyaɗa, duk wuri ɗaya. Sai ya koma gida matarsa Hinda ta sa rariya ta rarrabe. In ya ɗauki buhun ba ya leƙawa. Abu ɗaya yake gaya wa kowa, cewa buhunsa ba ya da baki.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana awo, sai ga shi ya ware abu ɗaya ya ce wannan ba a aunawa.

Aziza, wadda yanzu take duba marasa lafiya a wata likita, ɗan asibiti can wajen Dungas, ta zauna a gidan nan shekara bakwai. Ita ta ba ni labarin wata shekara da masassara ta kwantar da ɗalibai tara ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Akwatin magani ya ƙare a kan mutum na shida. Aka aika wa Illo. Washegari da hantsi sai ga shi a saman motar kaya, zaune kan buhun wake biyu, ya sauka a tasha ya sayar da su nan take, ya shiga farmasi da takardar likita a hannu juye, ya fito da magani. Ya zauna bakin ƙofa har ya ga kowa ya haɗiye nasa. Da aka kawo masa tuwo ya ce a mayar, na ɗalibai ne, shi ba ɗalibi ba ne. Ya fita ya sayi rogo da ƙuli ya ci a tsaye. Aziza ta ce har yau in ta rubuta wa mutum magani sai ta tuna hannun nan mai ƙurar hatsi.

Kai ne, Illo, wanda bai taɓa shiga aji ba, amma ya fi mu masu takarda sanin abin da ke riƙe yaro a aji. Ma'auni mai rufe ido. Ban iya kirari ba, nan zan tsaya.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da na ji daɗi. Amma akwai nawa a ciki.

Shekara bakwai da suka wuce wasu masu furoje, irin ƙungiyoyin agajin nan, suka zo mana da alheri: bursu ga ɗalibai goma da magani na shekara biyu, in har za mu nuna musu cewa mutanen gari ma suna ba da nasu. In faɗi gaskiya, jimilla kawai suka nema, buhu kaza a shekara. Sunaye ni na ƙara. Na taɓa zuwa wani taro a Yamai, na ga an rubuta sunayen masu kyauta a jikin bango da ruwan zinariya, na dawo da yaƙinin cewa abin da ya rage wa Magariya ta ci gaba ke nan. Na ce a raina, in aka yaba wa mutane a fili, baɗi za su ninka.

Na san in na tambayi Illo kai tsaye ba zai faɗa ba. Sai na ce zan riƙa kai shi a moto, wato babur, don in rage masa wahala. Ya yi ta sa mini albarka. A gida na biyu da muka fito, na dube shi na ce ai na ji ma'auna suna cewa hannunsa ya tsufa, yanzu ba ya gane nauyi sai da tiya. Duk duniya abu ɗaya Illo ke alfahari da shi, kuma nan na taɓa. Ya ɗaga buhun da hannu ɗaya, ya ɗan jijjiga, ya ce an ƙara tiya uku, hatsi. Na yi dariya na ce ƙarya ne. A gida na gaba ma ya faɗa, da na gaba, yana jin daɗi kamar mai wasa da jika. Ni kuwa in ya shiga sallama sai in zaro kaye, ɗan littafina, daga aljihu in rubuta. Kaka guda cur na yi ina wannan, ina kuma jin kaina mai wayo.

Ranar da aka yi bikin karɓar taimakon, na kai takardar gidan rediyo aka karanta, suna da gari da abin da mutum ya bayar. Na sa sabuwar shadda na zauna kusa da akwatin rediyo ina jiran a kira ni a gode.

Akwai wata dattijuwa a Dantchiao, zan kira ta Indo, ba shi ne sunanta ba. Na koyi wannan hankalin a makare. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a jami'a, ba ta da ɗa ko a lakwal, makarantar yara. Ƴar gayaunarta take nomawa, kuma ita kanta maƙwabta ke kai wa hatsi in damina ta yi tsanani. Duk shekara tana zuba wa buhun abin da ta iya. A rediyo sunanta ya biyo bayan na wani Alhaji mai tiya arba'in. Aka ce: Indo, Dantchiao, rabin tiya, wake. Kafin sati ya zagayo, a bakin rijiya Rabin Tiya ake kiranta. Ƙanen mijinta, da shi ma yakan taimaka mata, ya aiko mata cewa tunda har tana da na kyauta, bana ta yi ta kanta.

Ba ita kaɗai ba. Akwai matar da mijinta bai san tana bayarwa ba, akwai mai rufin asirin da aka ji ya ba da tiya ɗaya alhali ana ganin ya fi haka. Da kaka ta zagayo Illo ya jingine buhu a zaure, ya yi gaisuwarsa mai tsawo, ya dawo ya ɗaga, nauyin da ya ajiye shi ya tarar. Gida bayan gida. A gidan Indo ko zauren ba a bari ya shiga ba. Ta fito da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Illo, ka ce mini buhunka ba ya da baki."

Wani da ke wurin ya ce Illo ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ya faɗa, ta yafe masa. Bai ambaci sunana ba. A can bai ambata ba, a ko'ina bai ambata ba. Da na je gidansa ina kame-kame, ina bayanin niyya mai kyau, ya bari na gama sannan ya kira ni da sunan da ake kiran mu ƴan boko, ya ce, "Mushe, ai ni na faɗa. Kai rubutawa kawai ka yi." Na so a ce zagina ya yi.

A waccan shekarar ɗalibai talatin da ɗaya ne a gidan Damagaram. Bursun furoje ta ɗauki goma, kamar yadda aka yi alkawari, sauran kuwa da buhu suka dogara, buhu kuma ya dawo rabi. Aka koma cin abinci sau ɗaya a wuni. Huɗu suka tattara suka dawo gida. Cikinsu akwai Abdulƙadir, ɗan Mallawa, yana shekara ta uku a karatun likita, wanda Aziza ta ce duk ajinsu ba mai kansa. Yanzu fetur yake sayarwa a kwalba kan hanyar iyaka. In na tsaya shan mai yakan gaishe ni da ladabi, ya ce Mushe ya ƙoƙari, har ya yi mini ragi. Na fi shekara ina zagayawa ta wata hanya.

Masu furoje suka cika shekara biyunsu suka tafi, Allah ya saka musu. Illo ya ci gaba da shiga gari da la'asar. Kaka uku ya yi yana komawa ƙofofin da aka rufe masa, ba ya roƙo, ba ya bayani, gaisuwa kawai. Kuma ya canza abu ɗaya: ya daina saɓa buhun. Ya samo ƴar kurar turawa, maigida ko wani na kusa ya ɗora masa, ya tura zuwa gida na gaba, don kada hannunsa ya ƙara sanin abin da aka zuba. Sannu a hankali ƙofofi suka buɗe. Ta Indo ce kawai ba ta buɗe ba, kuma duk shekara sai ya je ya yi sallama ya juyo. Hinda ta ce in ya dawo daga Dantchiao ba ya cin tuwon kirki.

Watan jiya, da na ji zai ajiye aiki, na hau moto na tafi Dantchiao, shekara bakwai a makare. Na tarar da Indo a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna, sunan nan da aka karanta, ni na rubuta, ni na kai, Illo yaudararsa na yi. Ba ta daina ɓara ba. Ta ce ai ta sani tun shekarar, Illo ina ya iya rubutu. Na ce to me ya sa shi ta rufe wa ƙofa, ni kuwa ko a kasuwa muka haɗu tana amsa gaisuwata.

"Shi na yarda da shi," in ji ta. "Kai ban taɓa yarda da kai ba, ɗan nan. Da me zan riƙe ka?"

Na daɗe ban ji an auna ni daidai haka ba. Na gaya mata bayansa ya ƙi, idonsa ya yi rauni, bana ba zai zo ba. Nan ta ɗan tsaya. Ta ce in gaya masa ya zo ya sha fura, amma kada ya zo da buhu.

Da na isar da saƙon, Illo ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce wa Hinda ta miƙo masa hula. Ranar kasuwar Dantchiao na ɗauke shi, muna tafe a hankali saboda bayan. Ya yi sallama, aka ce ya shigo. Ni na zauna a waje kan moto, rana na dukana, kusan awa guda. Abin da suka ce ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Da ya fito dai akwai fura a gemunsa, kuma har muka iso Magariya yana ba ni labarin farashin wake.

Malam Illo, mun gode. Na gode a madadin Aziza da ire-irenta da suka gama, da waɗanda ke can yanzu suna cin tuwon mutanen da ba za su taɓa sanin sunansu ba. Na kuma nemi gafararka a fili, tunda a fili na ɓata. Ta Abdulƙadir ban san yadda zan nema ba tukuna. Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa abin da ka ƙi aunawa a auna maka shi da babbar tiya.

Ku kuma masu karatu, ƴan Magariya da Dungas na gida da na waje, masu albashi da masu shago: saura wata biyu kaka, ɗalibai talatin da takwas ne a gidan Damagaram, buhun yana rataye a zauren Hinda ba mai ɗauka. Ba ya buƙatar mai takarda. Yana buƙatar mai doguwar gaisuwa da gajeren baki. Ni na nema, ƙungiya ta ƙi, kuma da aka ce masu ƙi su ɗaga hannu, har da nawa a ciki.