Gonar Dawa a Bayan Sabya

Ina cikin shekarata ta huɗu ta aikin direban gida a Riyad ta Saudiyya ƙanena ya kira ya ce idon Baba na dama ya rufe, na hagun ma ya fara ganin hazo. Likita a Katsina ya ce ba irin ciwon da ake yi wa aiki ba ne, sai dai a jinkirta shi da magani. Baba bai ce in zo ba, don ba halinsa ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne a gaya mini, in da hali.

Halin kuwa ba a hannuna yake ba. Fasfona yana cikin durowar kafilina, mutumin da ya ɗauko ni aiki, kuma bizar fita da dawowa shi kaɗai ke iya buɗe mini ita. Ɗakina yana jikin ƙofar gidansa a unguwar Nasiriya, taku uku in na miƙe, taga ɗaya mai kallon bango. Kafilin nan ba mugu ba ne, gaskiya. Mutum ne dai mai lokaci: in ka same shi a ƙoshe zai ba ka rigar jikinsa, in ka same shi a murtuke ko sallama ba za ka ji amsarta ba. Ranar Juma'a da na kai maganar wurin ’yan uwa Hausawa a unguwar Manfuha, wani dattijon direba ɗan Maraɗi ya ce mini, “Kada ka kuskura ka tambaye shi a gida. Jira hutun makaranta, in kun yi tafiya ya ci kifi ya saki jiki, sannan ka faɗi.”

Hutun ya zo cikin sanyi, aka ce Jizan za a je, can kudu bakin teku. Shi da iyalinsa suka hau jirgi, ni na bi da mota da kaya ta garin Abha. Da na gangaro daga duwatsu na cire rigar sanyi na jefa baya, iska mai ɗumi da danshi ta shigo ta taga. Rabona da gumi irin na gida, wanda ke manne wa mutum riga a baya, har na manta.

Kwana uku ina yawo da su. Na kai su bakin teku, yara suna gudu cikin ruwa, ni ina jingine da mota ina gadin takalma. Na kai su tashar jirgin ruwan tsibirin Farasan, na wuni a inuwar wani shago har suka dawo da yamma suna ba ni labarin barewa. Mun hau dutsen Faifa, hanya tana murɗewa har uwar kafilina, tsohuwa mai ciwon suga, ta rufe ido tana salati. A can na ga maza da rawanin furanni a ka, ƙatti da wuƙa a ƙugu, na ce a raina wannan a garinmu sai an kira mai ruƙiya. A wata kasuwa kuma na ga raƙumi an ɗaure masa ido yana zagaya turmin man riɗi. Ban iya tsayawa kallonsa ba, na koma mota.

Kullum maganar tana bakina, kullum in ce sai gobe. A rana ta huɗu kafilina ya tashi da fara'a, har ya dafa kafaɗata ya ce ni ɗan halas ne. Na ƙudura cewa yau da yamma zan faɗi.

A ranar aka gayyace su cin abinci gidan wasu danginsu a wani ƙauye bayan Sabya. Na sauke su da azahar, ya ce in nemi inuwa nan kusa, zai kira. Na ɗan gusa da motar bayan gari, sai ga gonar dawa. Dawa fa, ja, ta nuna, zangarniya ta sunkuyo, ga bukkoki masu tsinin kai can gefe kamar an ɗauko su daga ƙauyenmu. Mutum biyar suna girbi, da wani tsoho mai zane a ƙugu yana ta faɗa.

A garinmu ba a wuce masu girbi hannu a aljihu. Ka yi musu sannu da aiki, ka karɓi wuƙa ka yanka ko da kunya ɗaya ce, sannan ka wuce. Baba ne ya koya mana haka, da bulala ma. Ban yi wani tunani ba. Na tuɓe farar rigata don kada ta ɓaci, na ajiye a kujera, waya tana cikin aljihunta, na kulle mota na shiga gona.

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sawwag? Direba? Za ka yanke yatsa, ya waladi, yarona.” Na karɓi wuƙar hannunsa na kama aiki. Da ya ga yadda nake kama wuyan zangarniya in fizge, sai ya kwashe da dariya ya ce da yaransa su zo su ga aiki. Kunya ɗaya na yi niyya. Amma ƙaiƙayin dawa ya hau mini hannu, ƙamshin kara ya cika mini hanci, wani ya miƙo ruwan randa. Shekara huɗu ban yi abin da na iya ba sai riƙe sitiyari da jira a ƙofar kanti. Wallahi daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun da na sauka ƙasar. Har dami na ɗaure musu irin namu, suna juya shi suna mamaki.

Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ni hayyacina. Na ruga mota, na tarar an kira ni sau ba adadi. Sai a lokacin idona ya faɗa kan ’yar jakar sanyi a kujerar baya, wadda allurar sugan tsohuwar ke ciki.

Na same su a ƙofar gida. An kwantar da ita a ɗaki, wani ya tafi gari neman magani. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ta. Kafilina bai ɗaga murya ba, wanda ya fi tsawa ciwo. Ya kalli ƙaiƙayin da ke wuyana da ƙasar da ke ƙafata, ya ce, “Wen kunt? Ina ka je?”

Na ce, “Gona, ya ammi, maigida. Na taya su girbi.”

Ya ce, “Uwata ce fa.”

Gaskiya ya faɗa. Na so in ce ni ma ina da uba, amma ranar ba ni da bakin faɗa. Bayan mun koma Riyad na bar wata guda ya wuce, na tambaya. Ya ce ba'aden, sai nan gaba. Na sake tambaya bayan azumi, ya ce makaranta za ta buɗe, wa zai kai yara? Haka na ci gaba da zama a ɗakin nan, ina kiran gida duk Juma'a, ƙanena yana cewa yanzu Baba inuwar mutum kawai yake gani, daga baya ya daina ba ni labarin idon gaba ɗaya.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi aka buɗe mini bizar. Na isa gida da hantsi, na tarar da Baba zaune a zaure kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo da fuska wajen muryata, ya ɗan kuskure inda nake kaɗan, ya miƙo hannu biyu yana lalube har ya sami kaina. Ya shafa goshina, ya bi kumatuna a hankali, ya tsaya a haɓa.

Ya ce, “Ashe ka tsayar da gemu. Baƙi ne, ko ya fara furfura?”